Yunifom a Ƙarƙashin Hijabi

Shekarar da sojoji suka koma bariki bakin kowa ya buɗe, nawa kuwa har ya fi ƙarfina. Ina koyarwa a wata firamaren gwamnati a Tarauni. Yaran ajina a ƙasa suke zama, allon ma sai mun shafa masa baƙin batir kafin alli ya fito. Da aka fara raɗe-raɗin za a raba wa makarantun kuɗi da islamiyyu bencina da littattafai, sai na naɗa kaina lauyan talakawa a majalisarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi. Kullum bayan la'asar muna kai ruwa rana da sabon kansilanmu, mai goyon bayan rabon. Har na taɓa buga ƙirji na ce duk malamin gwamnatin da ya kai ɗansa makarantar kuɗi ya ci amanar aikinsa.

Alhali 'yata, 'yar aji uku, makarantar kuɗi take zuwa, can wajen Unguwar Gano.

Dabarar da na yi, na sayo mata zurmemen hijabi har ƙasa, ya rufe yunifom ɗin ruf. Da safe in goya ta a babur mu bi lunguna, sai mun kusa ƙofa ta cire ta cusa a jaka. Na ce mata don kada kayanta su yi datti ne. Ta ce to. Ni a wautata na ɗauka ta yarda.

Ƙarshen shekara ta zo ta ɗaya. Al'adar makarantar, ranar rabon kyaututtuka uba ake kira ya tsaya kusa da ɗansa a ɗauki hoto. Na ci ado da babbar riga na tafi. Ina shiga na hango babban baƙo a kujerar gaba: kansila.

Na zame bayan rumfa, inda ake ajiye babura. Sau uku aka kira sunana a lasifika. Ina hango ta tsaye, rungume da ƙamus ɗin da aka ba ta, tana waige-waige. Ni kuwa, ƙato da gemu, na tsuguna ina latsa tayar babur ɗin da ba nawa ba. Daga ƙarshe da kansilan aka yi hoton.

Da aka tashi, a nan ya same ni.

"Malam, barka da arziki," ya ce. "Ai tun bara duk majalisa mun sani. Farar safarta tana leƙowa ta ƙasan hijabi."

Na yi yaƙe, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ba maganarsa ce take ci mini rai har yau ba. Yarinyar ta zo, ba ta tambaye ni inda na shiga ba. Ta ciro hijabin da kanta ta saka, ta tura ƙamus ɗin ciki, ta hau bayana.

"Baba, mu tafi," ta ce. "Na ɓoye shi sosai, ba wanda zai gani."