Ƙwaryar Yayana a Cikin Gilashi

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Maiguizo. Shi ya yi ban ruwan tsohon lambun garinmu tun yana saurayi har bayansa ya tanƙware. Na binne miji da 'ya'ya huɗu, na ga yunwa. Na ɗauka ba abin da ya rage da zai girgiza ni.

Bana aka gyara lambun. An yi katanga da benci, an gina ɗakin kayan tarihi kusa da tsamiyar da aljana doguwa ke zaune, inda Maiguizo ya saba zuba mata nono duk Laraba. Na shiga kallo, sai ga ƙwaryar nonon cikin gilashi. Na gane ta da ɗinkin bakinta, ni na ɗinke. Buɗe take, tana kallon sama, ba kome ciki.

A gidanmu, in mai ƙwarya ya rasu, kife ta ake yi. Barin ta buɗe kiran baƙuwa ne ba a tanadi abinci ba, kuma jinin mamacin za ta bi. Jikokinsa bakwai.

Na ce wa gardi mai tsaron ɗakin, "Wa ya buɗe ta?"

Ya ce, "Inna, don a ga zanen ciki ne. Ba a taɓawa."

Ashe Sani ɗan Maiguizo ne ya bayar. Ɗan kasuwa ne, mai wa'azi. Abokansa sun ce ya ƙona, ya kasa. Da Maiguizo na nan, me zai ce? Zai yi murnar ganin itatuwansa cike da mutane. Ƙwaryar kuwa, rashin sani ya fi dare duhu.

Kwana shida ina zuwa ina tsayawa gaban gilashin. Ran na bakwai Sani ya tarar da ni.

"Gwaggo, shirka ce wannan, kin sani."

"Ban tambaye ka ba. Ɗiyanka nika ji ma."

Sai ya nemo mai makulli, ya ce kayan ubansa ne. Da hannunsa ya kife ta, yana istigfari.

Lambu ya zama na gari, ƙwarya ta zama ta 'yan kallo. Abin da ya rage na Maiguizo yana jikin yaron nan: bai yarda da ni ba ko kaɗan, amma ya kasa barin tsohuwa a tsaye.