Ludo da Ɗan Fari

Ni ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba. Haka na tarar ana yi a gidanmu, haka na yi. Da aka yaye shi, kakarsa ta ɗauke shi zuwa Bambeye, can ya girma, can ya yi lakkwal, wato makarantar boko. In ya zo Tawa hutu mu gaisa a tsaitsaye, ni ina kallon keken ɗinkina, shi yana kallon ƙasa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma har yau ban ga laifinta ba. Da ya tafi Abijan neman na kansa kamar sauran samarin Adar, waya ma haka ta zama: ya kira mahaifinsa, a ce mini yana gaishe ni, in ce ina amsawa.

Shi ya aiko mini da wayar shafawa. Maƙwabciyata, malamar lakkwal ce Kirista daga wajen Maraɗi, ita ta sa mini ludo a ciki. Ita ba ruwanta da wata kunya, daga bakin ƙofa take kwaɗa wa babban ɗanta kira, unguwa duk ta ji. Ta nuna mini yadda ake jefa ƙwaya, yadda shida ke fitar da ɗa daga gida, da yadda ake taka na abokin wasa a mayar da shi farko. Ban daɗe ba na fara lallasa ta. Ni dama tun ina yarinya ba a cinye ni a carabke in yi barci da daɗi.

Wata rana bayan la'asar, gayyatar wasa ta shigo wayata da hoton yaron nan a jiki. Na daɗe ina kallon hoton. Ya yi gemu, ban sani ba. Na danna.

Daga nan ya zama mana al'ada. In na idar da la'asar, in ja tabarma gindin itacen bedi, shi kuma a can kasuwa ta yi sauƙi, sai mu buga. Ba ma cewa komai, ko gaisuwa babu. Amma ta wasan na san abubuwan da ban sani ba. Na gane mai haƙuri ne, yakan ajiye ɗa wuri guda yana jira har nawa ya zo wucewa. Na gane kuma mugu ne, don sai ina dab da shiga gida yake take ni. In ya yi haka in ce, "Kai, ɗan banzan ga," ina dariya ni kaɗai, awaki na kallona. Na ji daɗin wannan lokaci ƙwarai.

Da azumi ya yi nisa, ɗinkin salla ya taso mini. Ranar ƙarshe da muka buga ya yi mini kaca-kaca, washegari kuma atamfofi suka rufe ni, ban sake taɓa wasan ba sai bayan salla. Da na dawo, sai na tarar yaron ya zama wani abokin wasa daban. Ɗan ludona na gabansa, ƙwaya ta ba shi daidai abin da zai taka shi, sai ya motsa wani can baya. Na farko na ce kuskure ne. Na sa masa tarko da gangan, na jera 'ya'yana a bakinsa, ya bi ta gefe kamar mai kewaye kwata. Kullum ni ke ci, kuma cin ba ya da ɗanɗano. Na koma ina danna waya ina hamma. Abin har haushi yake ba ni: ni za a yi wa sadaka da ludo?

Na gaya wa maƙwabciyata na bar wasan.

"To ke in kin bari, ta ina za ki ji motsinshi?" ta ce.

"Wanga ba motsinshi ba ne. Ladabi ne yaka aiko min, ni ko ladabi na ƙoshi da shi."

Na faɗa da ƙarfin zuciya, kuma gaskiya na faɗa. Amma na san abin da na ajiye a ƙasa. Wasan nan shi kaɗai ne igiyar da ke tsakanina da yaron, in ta tsinke za mu koma "yana gaishe ki, ina amsawa" har ƙasa ta rufe ido. Duk da haka ban yarda in riƙa zama kullum ina wasan da ba wasa ba. Gayyata ta riƙa shigowa bayan la'asar, ina gani, ina ci gaba da taka keke. Sannu a hankali ta daina shigowa. Ranar da ta daina, sau biyu ina warware wuyan riga ɗaya.

Damina ta faɗi, mahaifinsa ya tafi gona wajen Kalfu ya bar ni da gida. Wata Juma'a waya ta yi ƙara, ba ƙarar wasa ba, kira ne, da hoton mai gemu. Na duba tsakar gida, babu wanda zan miƙa wa. Na ɗauka.

"Inna, ina wuni. Lahiya dai? Na ga kin bar zakkuwa."

"Lahiya lau. Wasan ne ya bar daɗi."

Ina jin motoci a bayansa da wata mata tana tallar wani abu da yaren da ban sani ba.

"Mi ya hana ka taka ɗiyana?" na ce. "Makauniya ka ɗauke ni?"

"Ranar da na cinye ki, ba ki dawo ba sai bayan salla," ya ce a hankali. "Na zaci hushi kinka yi. Sai na ce gara ki riƙa ci, in dai za ki riƙa zakkuwa."

Ƙato da gemu, can bakin teku, yana ta kewaye 'ya'yan ludo don kada uwarsa ta tafi. Tausayinsa ya kama ni. Na ce masa ɗinkin salla ne, ba fushi ba. Ya yi dariya, ni ma na yi, sai kuma muka rasa abin cewa, don ba mu saba ba. A ƙa'ida nan ya kamata in ce Allah ya yi albarka in kashe. Ban kashe ba.

"Can inda kake, wa ka dahwa maka abinci?"

Ya fara ba ni labari. Ɗakin da suke haya da 'yan garinsu, garin rogon da ya ƙi sabawa da shi, zazzaɓin da ya kwantar da shi bara bai gaya wa kowa ba. Ni ina zaune kan kujerar keke, ƙafata a kan mataki, ban taka ba. Ashe in ya saki jiki yana da 'yar in'ina kaɗan a farkon magana. Ni na haife shi, kuma sai ranar na sani.