Gargaɗin Da Na Kashe Da Hannuna

A lokacin ina ma'aikacin adana bayanai a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Kebbe, ban daɗe da gama karatu ba, kuma ina ji da ɗan abin da na koya na rubuta wa kwamfuta umarni. Aikina in ɗauki hoton katin kowane majinyaci, in sa wa fayil ɗin sunan mai shi, in zuba a wata babbar jakar zif inda ake matse fayiloli don kada su cinye wuri. Wahalar ita ce duk ranar Alhamis sai na kwance jakar gaba ɗaya, in ƙara sababbi, in sake matsewa. Abin kan ci awa fuɗu, wani sa'in batir ya mutu ban gama ba.

Sai na rubuta 'yar manhaja mai liƙa sababbin fayiloli a ƙarshen jakar ba tare da an kwance ta ba. Aikin awa fuɗu ya koma na minti biyu. Shugabanmu ya yaba mini a gaban kowa, kaina ya kumbura. Amma wani lokaci manhajar kan fito da gargaɗi cewa akwai wannan sunan a ciki. Da na ga ba ya hana aiki tafiya, sai na ƙara layi ɗaya a cikin umarnin manhajar na rufe masa baki. Ban tsaya na yi tunanin cewa a garuruwanmu mata nawa ne suke da suna ɗaya, sunan uba ɗaya ba. Ashe in aka nemi suna, katin da ya shiga daga baya shi ke fitowa.

Wata safiya aka kawo wata mai tsohon ciki a galabaice, za a wuce da ita asibitin Tambuwal. Ungozomarmu ta ce in fitar da katinta maza. Na buga na miƙa. Katin takwararta ne. A nata katin na gaskiya an rubuta da jan biro cewa akwai allurar da jikinta ba ya ɗauka, kuma ita aka yi mata a can. Allah ya sa da sauran kwananta, amma jaririn bai zo da rai ba. Likita ya ce ba zai iya rantsuwa allurar ce sanadi ba. Wannan maganar ba ta taɓa sanyaya mini zuciya ba.

Na faɗa wa shugabanmu komai. Bayan sati biyu mijinta ya zo a kan babur, ya yi mini godiya wai na yi saurin ba su takarda. Na kasa ɗaga kai.

Yanzu kowane kati da lambarsa. 'Yan'uwana masu wannan aiki, sauri ba laifi ba ne, amma ku gwada kafin ku dogara, kuma in na'ura ta yi ƙorafi ku tsaya ku karanta. Ni ban karanta ba, kuma har yau ban iya bi ta ƙofar gidan matar nan.