Sunan Wa Za Ya Hau Sama: Daga Jiga Birni zuwa Sarandosa

Mun tashi da asuba daga Jega, ni da ɗiyata wadda ke karatu a jami'a can birnin Sakkwato. Ta daɗe tana tattara waƙoƙin da mata ke yi wurin daka, har aikin ya kai ga zama littafi. To, dokar jami'a ta ce duk wanda ya sa hannu sosai a bincike sai sunanshi ya fito, wanda ya fi aiki shi ne a sama, kuma sai kowa ya yarda da bakinshi. In ba haka ba littafi ba ya fita, wahalarta ta tafi banza. Mata biyu sunka ba ta waƙoƙin: Tumba, wadda ta tsara mafi yawansu, da uwar mijinta, Inna Ige. Tumba ta aiko cewa ba ta yarda ba. Shi ya sa ɗiyata ta ce in raka ta, ko bakin babba ya yi amfani.

Hanyar Aliero da sauƙi, sai dai motar albasa munka samu. Bana albasa ta yi arha, buhuna har bakin kwalta, ga warinta ya kama mana zane. Wata malamar makaranta, Kirista daga kudu, ta zauna kusa da ni tana share hawaye tana dariya, wai ba wanda ya mutu amma tana kuka.

A Jiga Birni munka iske Tumba tana shanyar gero. Ta ba mu ruwa da tabarma, munka gaisa sosai. Da ɗiyata ta kawo maganar sai ta sunkuyar da kai.

"Gwaggo, ke ki duba," ta ce mini. "Ni da ko sunan uwar mijina ban iya faɗi, a ɗora nawa bisa nata? Mi za a ce da ni garin ga?"

Ɗiyata ta fara bayanin doka. Na taɓa ƙafarta ta yi shiru. Ita ta manta, can makaranta aiki ake dubawa, nan kuwa girma. Na tambayi Tumba in Inna da kanta ta yarda fa? Ta ce wannan kuma ba ta da ta cewa.

Inna tana Sarandosa wurin autanta, dole munka koma ta Jega munka miƙe Maiyama. Nan munka sha fura da nono hannun wata Bafillata mai yawan ba'a, ta ce ɗiyata ta yi karatu har ta rame. Daga Maiyama kwalta ta ƙare. Motar a-kori-kura munka hau, ramuka kuwa har cikin ƙashin bayana. Ɗiyata ta rungume rakodarta kamar jinjiri. Ni kuwa ina ta tunanin yadda zan fara magana, don tsofaffi ba su son a zo musu da sabon tsari.

Mun iske tsohuwa a inuwar rumbu tana tsinkar zogale. Na bi a hankali, na faɗa mata komai ban rage ba. Sai ta kwashe da dariya.

"Wagga yarinya Tumba da shirme take! In muna daka wa ke ba da waƙa? Ita. Ni amshi nike yi. Kun taɓa jin amshi ya riga waƙa? Ku sa ta gaba, ni na ce."

Ɗiyata ta kunna rakoda, Inna ta maimaita, har ta ƙara da cewa in Tumba ta sake gardama ta zo ta same ta. Ta cika mana ƙwarya da zogale, wai kada mu koma hannu banza.

Kwana munka yi, washegari munka kai wa Tumba muryar. Ta saurara ta rufe fuska da gyale, ta ce to, tunda Inna ta ce.

Da la'asar munka iso Jega, jiki duk ciwo, amma zuciya sakayau. Ni da na koyi rubuta sunana da girmana a ajin yaƙi da jahilci, na san daɗin ganin suna a takarda. Abin da tafiyar ga ta koya mini shi ne, doka tana iya ba mutum matsayinshi, amma a wurinmu ba ya iya zama a kai sai babba ya ce mishi zauna.