A Kawo Igiya

Ɗanyar tarwaɗa na saya jiya a kasuwar Kafanchan, ƙarninta da warin taɓo suka mayar da ni rafin ƙauyenmu, wajen Kagoma, shekarun da aka gama yaƙin basasa.

Ka san a gidanmu ba a kiran sunan maciji. Kakata ta hana, wai idan ka kira shi zai amsa. "Igiya" muke cewa.

Bayan Kirsimeti ruwa ya janye, mata da yara aka fita kwarfa, wato a tare rafi da taɓo, a kwashe ruwan da ƙorai, a tsinci kifi. Kai, ranar murna! Waƙa, ihu, kowa baƙi ƙirin har kunne. Ina lalube a ƙarƙashin wani dutse sai na ji caraf a ƙafa. Na kurma ihu, "Igiya ta cije ni!"

Mamata ta sure ni zuwa tudu tana kiran Yesu. Kawuna ya ɓare sabuwar reza zai tsaga wurin. Ni kam na gama sallamawa, mutuwa zan yi, ga kuma reza.

"A kawo igiya! Maza a kawo igiya!" in ji Mama, don a ɗaure ƙafar.

Yayana, sarkin rawar kai, ya ruga rafi. Sai ga shi da kwandon kifi, ya juye gabanta. Maciji! Mata suka watse, wata har da barin zane.

Kaka kaɗai ta matso. Ta dubi abin, siriri mai ruwan ƙasa, yana neman hanyar gudu. Ta goge ƙafata, ta ga sawun haƙora ƙanana a jere kamar na mataji. Ta riƙe hannun Kawu.

"Ajiye rezan nan. Wannan na ruwa ne, ba shi da dafi. Kifi da kwaɗi yake ci, tsoro ne ya sa shi." Ta fashe da dariya. "Yau wautan yaron nan ya yi rana."

Daɗin da na ji, har rawa na taka da ƙafar!

Bara na kai jikata ta ga wurin. Gonakin citta sun cinye bakin rafin, ruwan bai kai idon sawu ba, leda ta fi kifi yawa. Ta tambaye ni ina macijin yake, da sunansa ɓaro-ɓaro. Na tsaya ina jira, babu abin da ya amsa.