Faifan da Na Ƙi Saya

Shekarar da 'yan fim suka sauka a ƙauyenmu, can gaba da Kuyello, ina koyarwa a wata firamare a cikin Birnin Gwari, sai ƙarshen mako nake zuwa gida. Daji ne ya kawo su. Labarin wani maharbi suke ɗauka, suka yi kwana biyar suna shiga kurmi da safe suna fitowa da yamma. A lokacin mutum zai iya kwana a dajin nan ba abin da zai dame shi sai sauro. Gidanmu ne a bakin hanya, don haka a gindin durumin ƙofar gidanmu suke hutawa. Inna, mahaifiyata, ta ɗauki ciyar da su kamar ita ta gayyato su. Baba ya yi ta mita wai masara za ta ƙare kafin kaka, amma shi ne yake hawa rumbu yana ɗebo mata.

Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ko a bikin ƙanwata, da mai hoto ya ɗaga kyamara sai ta ja gyale ta juya baya. Hotonta ɗaya da na sani shi ne na katin zaɓe, shi ma ta cusa shi a ƙasan kwalla don kada wani ya gani.

Bayan 'yan watanni fim ya fito. Na je wurin mai sayar da faifai a bakin tasha, ya ajiye mini guda biyu a kan tebur. Ɗaya na kamfani ne, a cikin kwali, an buga hoton maharbin da bakansa a jikin faifan, naira ɗari biyu. Ɗayan kwafi ne a cikin leda, an rubuta sunan da alƙalami, naira ɗari. Fim ɗin ɗaya ne. Bambancin kawai, in ji shi, na kamfani yana da bayan fage: idan fim ya ƙare sai a nuna yadda aka yi ɗaukar, inda jarumi ya manta maganarsa, inda aka fashe da dariya, da wata waƙa da aka cire.

Ni a lokacin ina da ra'ayi a kan komai, kuma ba na ɓoye shi. Na ce masa bayan fage cuta ce da rana tsaka. Abin da suka ga bai yi kyau ba suka zubar, shi ne suka share suka tattara suna sayar wa marasa wayo. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin tela ya ɗinka wa mutum riga sannan ya sayar masa da ƙyallayen da suka zuba a ƙasa. Bai yi musu da ni ba. Ya ce ai garinku ne, Malam, tsaya ka gani. Ya sa faifan, ya yi ta turawa gaba har ya wuce ƙarshen fim.

Sai ga durumin ƙofar gidanmu. Ga 'yan fim baje a kan tabarma. Sai ga Inna ta fito daga zaure da ƙwaryar kunu, wani a cikinsu ya faɗi wata magana, ta ɗaga kai ta yi dariya, fuskarta a buɗe, ba ta san kyamara tana aiki ba. Duka bai fi rabin minti ba.

Na ce, “Wannan ai Inna ce. Duk mako ina ganinta kyauta, sai in ƙara naira ɗari in gan ta a talabijin?”

Mutanen da ke shagon suka yi dariya, ni kuwa na ji daɗin kaina. Har sai da na ja cinikin kwafin ya dawo tamanin. Da na je gida na ba da labari, Inna ta yi salati ta ce ashe yaran nan sun cuce ta, Baba ya yi dariya har da tari.

Abin da ya biyo baya duk wanda yake ƙasar nan ya san shi. Ɓarayin daji suka fara da shanu, suka koma kan mutane, har aka kai ranar da ƙauyen ya watse. Iyayena suka iso wurina a bayan mashin da kayan jikinsu kawai. Bayan mako biyu labari ya zo an ƙone gidajen bakin hanya, da rumbu da kwalla da katin da ke ƙasanta. Inna ba ta cika shekara biyu a birni ba. Wata damina ta kwanta, ba ta tashi ba.

Sannan idon Baba ya fara tafiya. Na hagu ya mutu tukuna, na dama kuma ya riƙa tsukewa. Na yi kasada na kai shi Kaduna, likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa jinkiri kawai zai yi mana.

Wata safiya na gama ɗiga masa magani, yana zaune kansa a sama, ya ce, “Faifan nan da ka ce an ɗauki uwarku a ciki, ana samunsa har yanzu?”

Na ce zan duba. Ya ce ba wani abu ba ne, akwai ɗan abin da yake so ya duba kawai. Mutumin da ya yi shekara arba'in bai taɓa kiran sunanta a gabanmu ba, iyakar abin da zai iya faɗi ke nan. Na fita waje na tsaya a jikin bango.

Kwafina yana nan a cikin akwati. Na san abin da ke ciki, amma sai da na aro na'ura na sa shi, ko Allah zai sa. Yana kaiwa sunayen ma'aikata ya tsaya cak. Na bi masu tura fina-finai a waya ɗaya bayan ɗaya, daga tasha har kasuwa, har Tsohon Birnin Gwari. Kowa yana da fim ɗin, ba mai bayan fage. Wani daga cikinsu ya yi mini bayani cikin natsuwa, wai yanke shi suke yi saboda yana cin wuri a memori, kuma shara ce kawai, ba wanda ya taɓa biyan kuɗi a kanta. Na ji maganata a bakinsa, na ji kamar in wanke shi da mari. Na duba intanet, shi ma a yanke. Na aika wani direba Kano da sunan fim a takarda, ya dawo ya ce masu kamfanin sun daɗe da barin harkar, wanda aka samu ya ce na'urar da suka ajiye ainihin ɗaukar ta lalace tuntuni. Duk wannan ya ci mini wata biyu. A cikin wata biyun Baba ya fara dafa bango idan zai je alwala, ni kuma na daina barcin kirki.

Daga ƙarshe na koma wurin mai faifan bakin tasha, wanda na yi ta kauce wa saboda kunya. Yanzu caja da murfin waya yake sayarwa. Ya tuna da ni, kuma Allah ya saka masa, bai tuna mini da maganata ba. Ya ce da kasuwar faifai ta mutu, buhu-buhu ya sayar wa manoma. Ratayawa suke yi a igiya a cikin gona, iska tana juya su, walƙiyar tana korar tsuntsaye. Wanda ya fi kwasa wani manomi ne ta wajen Gayam, buhu biyu ya ɗauka, kuma na kamfani duk suna ciki.

Gonar a bakin daji take. Matata ta ɓoye makullin mashin, ta ce ko Baba ya san inda za ni ba zai yarda ba. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ban gaya masa ba. Na ari mashin ɗin wani abokin aikina, na jira hantsi ya ɗaga, don ba mai bin hanyar nan da sassafe.

Dawa ta yi kai, an ja igiyoyi daga turke zuwa turke, faifai suna ta juyi suna kashe ido daga wannan ƙarshen gonar har wancan. Na gaya wa manomin abin da ya kawo ni. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce in duba, amma da rana ta take tsaka shi zai tafi, ko na samu ko ban samu ba.

Rana ta cinye rubutun yawancinsu. Na riƙa kama ɗaya ɗaya ina juyawa, ina goge kashin tsuntsu da bakin rigata. Waƙoƙi, wa'azi, fina-finan Indiya, wasu sun zama farare fat. Ganyen dawa ya yayyanke mini hannu ban ma ji ba. Ina layi na biyar muka ji kukan mashina daga cikin daji, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Manomin ya danne mini wuya muka kwanta a kwarin kunya. Bakina a cikin ƙasa ina addu'a, amma wallahi ido ɗaya yana kan faifan da ke lilo a saman kaina, ina ƙoƙarin karanta shi. Suka wuce ta bayan rafi. Da muka tashi ya ce ya isa haka, mu tafi. Na riƙe hannunsa na roƙe shi kamar yadda ban taɓa roƙon ɗan Adam ba, ya ƙara mini layi biyu.

A layi na biyun na gan shi. Fuskar maharbin ta goge, amma inuwar bakan tana nan. An huda shi da ƙusa mai zafi a can gefe, nan aka zura igiyar. Na ciro duk kuɗin da ke aljihuna, manomin ya ƙi karɓa. Ya ce in dai kawo masa wani a madadinsa, tsuntsu bai san na kamfani ba.

Na wanke shi da sabulu, na goge da man goge baki, na kai wa mai gyaran rediyo ya duba. Ya ɗaga shi a haske ya ce fim ɗin zai yi. Sai dai faifai daga tsakiya yake fara karatu ya nufi baki, abin da ke ƙarshe shi ne a gefe, ƙusar kuma a gefe ta shiga. Na ce masa ban tambaye shi ba.

Bayan la'asar na tayar da janareta, na rufe taga don hasken talabijin ya fi fitowa. Na zaunar da Baba a kan kujera, hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Na tura fim ɗin gaba har ƙarshe. Bayan fage ya fara. Jarumi ya zame ya faɗi, aka yi dariya. Aka nuna wani yana ɗaura wa maharbi laya. Sai ga durumi, ga tabarma. Daga gefe, inda kyamara ba ta kai ba, muka ji muryarta:

“Ku bari ya huce tukuna, da zafi.”

Hannunta ya shigo da ƙwaryar, har zuwa gwiwar hannu. Hoton ya farfashe, ya tsaya. Na mayar baya, ya sake tsayawa a nan. Na ciro shi na hura masa iska na goge, na sake sawa. Sau huɗu, hannu da ƙwarya.

Can Baba ya ce, “Ta fito ko? Ni haske kawai nake gani.”

Na dubi hannun na ce, “Ta fito, Baba.”

“Dariya take yi?”

“Dariya take yi.”

Ya gyaɗa kai. Ya sa tafinsa a kan gilashin, sannan ya rage murya kamar akwai wani a ɗakin bayan mu biyu.

“Billen nan nata, duba mini. A wane kunci yake? Abin da ya shige mini ke nan.”

Na rufe ido na nemi fuskar. Na nemi ta ƙofar gida, na nemi ta ranar da ta kwanta, na nemi ta rabin mintin nan na shagon tasha da na tsaya ina ba mutane dariya maimakon in duba. Billen yana nan, amma ya ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Na ce, “Na hagu.”

Ya ce, “Haka na zata.” Ya sauke hannunsa, ya ce in kashe janareta kada mai ya ƙare.

Washegari na kira ƙanwata a waya na tambaye ta a wane kunci billen Inna yake. Ta ce in ba ta lokaci ta yi tunani.