Bodil da Gurabe Tara a Taswirar Makaranta

Kullum ƙarfe bakwai saura kwata, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, Bodil takan jingine kekenta a gindin tudun yashin da ke bayan makarantar garinmu, ta hau da ƙafa. Idan ta kai sama sai ta fuskanci teku, inda manyan fankokin nan hamsin da huɗu suke tsaye cikin ruwa suna ba mu wuta. Ta ƙirga masu juyawa, ta ƙirga waɗanda suka tsaya, ta sauko ta rubuta a allon da ke bakin ƙofar makaranta. Ranar da hazo ya rufe teku, abin da take rubutawa shi ne "Yau ban gani ba." Ba ta taɓa cike allon nan da zato ba.

Wannan watan ta ajiye alli bayan shekara talatin da takwas tana koyarwa. Ni ban yi nisa a karatu ba. Daga aji tara na fita, yanzu igiya nake ɗaurewa a jirgin da ke kai ma'aikata wurin fankokin. Amma na zauna a ajinta, kuma na ga ya kamata wani ya faɗi abin da ta yi.

Malamar lissafi ce, sai dai ba ta yarda maganar iska ta tsaya a ajin lissafi kaɗai ba. Lokacin da aka ce za a kafa fankoki a tekunmu, gari ya rabu biyu. Masunta suka ce an zo ƙwace musu gona, wasu suka ce aiki ne ya zo. Yara suna kawo faɗan iyayensu filin wasa. Sai Bodil ta riƙa bin malamai ɗaya bayan ɗaya da butar gahawa, tana roƙon kowa ya ba ta awa guda a mako. Preben, malamin tarihi, ya ce shi sarakuna aka ɗauke shi ya koyar, ba farfela ba. Ta tambaye shi sarki nawa ne ya nutse a tekun nan, masunci kuma nawa. Kafin wata ya ƙare Preben yana maƙabartar coci da yara suna karanta sunayen da ke kan duwatsu.

A ajin rubutu, ɗan masunci shi ake sa wa ya rubuta wasiƙa da bakin injiniya, ɗan injiniya kuma da bakin masunci, kuma ba ka samun maki sai abokin faɗanka ya ce e, haka babansa zai faɗa. Mun ƙirga tsuntsayen da ke ratsa teku. Mun sassaƙa ƙananan farfela da katako, da yawa suka ƙi juyawa. Malamin wasanni ya sa mu hawa matakalar makaranta har sai mun cika tsayin turken fanka ɗaya, muna haki muna zaginsa a zuci. Har yau ba wanda zai iya ce maka Bodil tana son fankokin nan ko ba ta so. Idan aka matsa mata takan ce ita aikinta yara su san abin da suke faɗa a kai.

Amma da kuskure ta fara, kuma ita da kanta take ba kowane sabon aji labarin.

Mahaifinta, marigayi Laurids, masunci ne. Yana da ɗan littafi mai baƙin bango, irin wanda kowane tsohon masunci yake da shi, inda ya rubuta wuraren kifinsa: idan hasumiyar coci ta daidaita da tsagin tudu, hasumiyar fitila kuma ta ɓuya bayan rumbun gishiri, to kana kan wuri kaza. Kowane wuri da sunansa. Irin wannan littafi ko matarka ba ta buɗe shi. Da ya rasu, littafin ya zama na ɗansa Ejvind, yayan Bodil, amma yana ajiye a gidan mahaifiyarsu.

Taswirar da kamfanin fankokin ya aiko ba komai a cikinta sai lambobi. Bodil ta so yara su gane ainihin inda za a kafa turakun. Sai ta ɗauko littafin ba ta tambayi kowa ba, ta kwafe wurare uku a allo, ta ce a auna kusurwa a fitar da su a kan taswirar. Darasi ya yi daɗi. Yara suka tafi gida da aikinsu, iyaye maza da ba su taɓa duba littafin makaranta ba suka zauna suna taya su. Kafin mako ya zagayo, jirage shida ne a kan Tukunyar Maren, wurin da Laurids ya ɓoye shekara arba'in. Kuma saura shekara biyu kacal a rufe wurin saboda fankokin, shekarun da Ejvind ya ɗora begensa a kansu.

Bai ɗaga murya ba, mutanenmu ba sa yi. Ya je ya ɗauke littafin. Ta bi shi har tashar jirage ta ba shi haƙuri, yana ɗinkin taru bai ɗago ba. Abin da ya ce kawai: "Baba ya yarda da ke da makullin gida, Auta." Daga ranar, idan ya zo shan gahawar Lahadi wurin tsohuwarsu ya ga kekenta a ƙofa, sai ya wuce. Shekara goma sha huɗu. Ko ranar jana'izar tsohuwar, hannu kawai ya ba ta kamar baƙuwa.

Da wata ce, da ta bar maganar teku daga nan. Ke ba ki bari ba, Bodil. Ke ce kika tsaya gaban yara 'yan shekara goma sha biyu kika ce musu, "Na ɗauki abin da ba nawa ba don darasi ya yi kyau, kuma ya yi kyau, kuma ban kyauta ba." Ban taɓa jin babba ya faɗi haka ba sai a bakinki.

Bayan an kafa fankokin, wuraren suka rufu, asirin ya daina ciyar da kowa. Sai ta aiki yara wurin kakanninsu su tambayo sunayen, da sharaɗi ɗaya: a yi sallama, a tambaya, idan an ce a'a a yi godiya a fito. Wasu tsofaffin suka kore mu. Wasu suka zaunar da mu da baƙin burodi da busasshen kifi, suka yi ta ba da labari har muka gaji. A hankali aka zana babbar taswira a bangon barandar makaranta, kowane turke da sunan wurin da yake tsaye a kai: Ramin Fasto, Kunnen Doki, Teburin Gwauro. Arba'in da biyar suka samu suna. Tara suka rage, duk a yankin Laurids. Yara sun sha cewa a bari su ƙirƙiro. Takan ce, "Waɗannan suna da suna. Mai su ne bai ba mu ba." Haka guraben suka zauna fari fat, ana sabunta fentin bango ana kewaye su.

Mu da muka tashi da taswirar nan, mu ne yanzu a kan ruwa. Solvej, wadda ke tuƙa jirginmu, ɗalibarta ce, kuma ba ta iya kiran turke da lamba. A oba-oba, inda duk jiragen yankin ke ji, sai ka ji ta ce muna Kunnen Doki, za mu wuce Teburin Gwauro. Turakun nan tara ne kawai take kira da lamba. A bazarar bana, tana cikin faɗin za mu turke na talatin da ɗaya, sai wata tsohuwar murya ta shigo.

"Ke 'yar gidan mai burodi, wurin nan ba lamba ba ne."

Solvej ta ce, "To faɗa min sunansa mana, Ejvind, in huta."

Muka ji ƙarar injinsa kaɗan, sannan ya kashe oba-obar.

Bodil kuwa, darasinta na ƙarshe a kan tudun ta yi shi, da 'yan aji shida, mu tsofaffin ɗalibai muna tsaye a baya. Tana nuna musu yadda ake daidaita hasumiya da tudu, sai ga Ejvind yana hawowa da takalmin roba, yana tsayawa yana hutawa. Ya tsaya ya saurara. Can ya ce ta tsayar da yaran a karkace, Baba da ya gani da ya jefa ta a ruwa. Ya kama kafaɗar wata yarinya ya matsar da ita taku biyu. Sannan ya zaro littafin daga aljihu. Bai miƙa mata ba. Ya ce ta nemo abin rubutu, shi zai karanta.

Ta nemo takarda ta rubuta. Ya karanta takwas ya rufe littafin.

"Saura ɗaya," in ji ta.

"Na iya ƙirga, ba sai malamar lissafi ta gaya min ba. Wannan sai kin zo gida ran Lahadi. Ki zo da kek, nawa ba ya ciwuwa."

Ba wanda ya yi tafi. Preben ne kawai ya juya yana fyace hanci, wai iska ce.

Bodil 'yar Laurids, mai ƙirga iska da safe, mun gode. Ke ce kika koya mana cewa teku ɗaya ce ko a wane aji aka shigo da ita, kuma kafin turke ya tsaya a wuri, wani ya riga ya san wurin. Malaman da za su gaje ki, da na sauran garuruwan bakin ruwa, ga hanya nan an share muku. Ku ƙwanƙwasa ƙofar abokan aikinku, ku aiki yara wurin tsofaffi, ku tambaya kafin ku ɗauka. Inda ba a ba ku ba, ku bar gurbin.

Ta je ran Lahadi, an ga kekenta a ƙofarsa har la'asar. Ran Litinin ta zo makaranta kwashe kayanta, yara suka tare ta da gwangwanin fenti suna tambayar suna na tara. Ta dubi gurbin da ya rage a bango, ta yi murmushi.

"Ya faɗa min," in ji ta. "Bai ce in faɗa ba."